Hanta ma tana da jinsi: abin da ɓerayen gwaji suka nuna game da sankara

A shekarar 1932 wasu masu bincike biyu a Amurka, Nicholas da Barron, suna yi wa ɓeraye allurar maganin sa barci sai suka lura da wani abu. Macen ɓera rabin abin da namiji ke buƙata ya ishe ta ta sheme, kuma idan aka ba su daidai wa daida, namijin zai farka ya ci gaba da harkarsa ita tana kwance. Daga baya aka gano inda gizo ke saƙar: hantar namijin ta fi saurin narkar da maganin. Wannan ya nuna cewa hanta, wadda babu mai danganta ta da haihuwa, ita ma tana da namiji da mace. Bambancin bai tsaya kan barci ba, ya kai har ga wanda sankara ke kamawa da wanda take tsallakewa.

Dalilin da ya sa masana suka dage kan wannan batu a fili yake. A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa mutane kusan 906,000 suka kamu da sankarar hanta a duniya, kusan 830,000 kuma ta yi ajalinsu, kuma a yawancin ƙasashe maza sun ninka mata sau biyu zuwa huɗu. Mutum zai iya cewa ai maza sun fi shan barasa da taba, sun fi ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, sun fi aiki a inda ake shaƙar guba. Duk gaskiya ne. Sai dai a cikin keji babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Namiji da mace 'yan uwa ɗaya, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, haske ɗaya, sinadari ɗaya gwargwadon nauyin jiki. Idan duk da haka aka ga bambanci, to daga cikin jiki ya fito. A lura cewa mu da Hausa ɓera kawai muke cewa, amma a ɗakin gwaji iri biyu ne: babba (rat a Turance), wanda shi ne jigon wannan sharhi, da ƙarami (mouse). Zan riƙa bambanta su, domin rashin bambanta su ya jawo kurakurai da yawa a fahimtar wannan magana.

A Japan aka fara haddasa sankarar hanta da gangan. Tomizo Yoshida da Takaoki Sasaki sun yi haka a farkon shekarun 1930 ta hanyar ciyar da ɓeraye wani sinadarin rini. A 1941 aka gano cewa wani sinadari mai suna AAF, wanda aka so a sayar a matsayin maganin ƙwari, yana haddasa sankara, sai aka fasa kai shi kasuwa ya zama kayan aikin masu bincike. A 1956 Magee da Barnes a Ingila suka nuna haka game da wani sinadari daga dangin da ake kira naitirosamin, wanda ɗan uwansa DEN ya zama sinadarin da aka fi amfani da shi a wannan fanni har yau. Da yawa daga cikin waɗannan gwaje-gwaje sun nuna abu guda: maza sun fi kamuwa, ƙarin nasu ya fi girma, kuma ya fi saurin bayyana.

Kafin a fahimci dalili, dole a san wani abu game da waɗannan sinadarai. Yawancinsu, a yadda suke shiga jiki, ba sa taɓa DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki. Aikin hanta shi ne ta sarrafa baƙon abu ta yadda zai narke a ruwa ya fita ta fitsari ko ta hanji, kuma tana yin haka da wasu ma'aikata da ake kira enzayim. A tsakiyar wannan sarrafawa ne wani lokaci ake samar da abu mai tsananin kaifi wanda ke manne wa DNA ya lalata rubutun gado. Wato hanta da hannunta take ƙera wuƙar da za ta yanke ta. Ma'auratan nan James da Elizabeth Miller na Jami'ar Wisconsin su suka fi kowa fito da wannan fili. A 1960 suka nuna matakin farko na sauya AAF a jikin ɓera, a 1970 kuma suka nuna na biyu, inda wani enzayim ke liƙa masa wani ɗan guntun sinadari da ake kira salfet. Wannan liƙin shi ke mai da shi mugun abu. Da aka auna ƙarfin enzayim ɗin, sai aka tarar na namijin ɓera ya ninka na mace sau da dama, kuma dabbobin da suka fi ƙarfinsa su ne suka fi kamuwa da sankarar hanta.

Labarin afulatoksin ma ya bi wannan hanya. Guba ce da wata fumfuna ke fitarwa, an gano ta bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gyaɗar da aka shigo da ita daga Brazil. A 1967 Wogan da Newberne suka nuna cewa kashi 15 kacal cikin biliyan a abinci ya isa ya haddasa sankara a ɓeraye. Maza da mata duk sun kamu, amma maza sun riga da makonni. Ɗaya daga cikin enzayim ɗin da ke kunna wannan guba, CYP2C11, a hantar namijin ɓera kaɗai ake samunsa.

To me ke gaya wa hanta ta zama ta namiji ko ta mace? Amsar da kowa zai fara kawowa ita ce homon na jinsi, sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini, wato testosteron na maza da istrojin na mata, kuma gwaje-gwajen farko sun goyi bayan haka. Idan aka dandaƙe namiji, kamuwarsa na raguwa. Idan aka mayar masa da testosteron, sai ta dawo. Amma akwai wani sakamako da ya ƙi shiga wannan lissafi. Tun a shekarun 1950 an ga cewa idan aka cire ɗan ƙullutun nan da ke gindin ƙwaƙwalwa, fitutari, sinadaran rini ba sa iya haddasa sankarar hanta yadda suka saba. Daga baya kuma aka ga cewa ɓeran da aka cire wa fitutari, ko an ba shi testosteron ko istrojin, yawancin enzayim ɗin hantarsa ba sa amsawa. Ashe akwai ɗan aike a tsakani.

Ɗan aiken shi ne homon na girma, kuma a ganina nan ne wuri mafi ban mamaki a duk wannan bincike. Namiji da mace duk suna da shi, iri ɗaya ne sak. Abin da ya bambanta shi ne yadda yake zubowa cikin jini. A namijin ɓera yana zuwa ne kamar ambaliya bayan kowane sa'o'i uku zuwa huɗu, sannan ya ɗauke ɗif har na'ura ta kasa ganinsa, kafin wata ambaliyar ta sake zuwa. A mace yana gudana ne kusan koyaushe, wani lokaci ya ɗan hau, wani lokaci ya ɗan sauka, amma ba ya ƙafewa. Jan-Åke Gustafsson da abokan aikinsa a cibiyar Karolinska ta Sweden sun daɗe suna neman wani abu daga fitutari da ke mai da hanta ta mace, sai a farkon shekarun 1980 suka tabbatar cewa wannan homon ne idan ya zo ba yankewa. Suka sa wa namiji ɗan famfo a ƙarƙashin fata mai ɗiga homon ɗin dare da rana, cikin kwanaki hantarsa ta kashe CYP2C11 ta kunna CYP2C12, wanda na mata ne. Namiji ne cikakke, marainansa na nan, amma hantarsa ta koma ta mace.

Daga baya David Waxman na Jami'ar Boston ya nuna yadda ƙwayar hanta ke karanta wannan saƙo. Akwai wani furotin mai suna STAT5b da kowace ambaliya ke tayarwa ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna ƙwayoyin gadon maza. Amma sai ya samu hutu tsakanin ambaliya da ambaliya kafin ya iya sake amsawa da ƙarfi. Shirun da ke tsakani shi ne rabin saƙon. Ta wannan hanya ƙwayoyin gado sama da 1,000 ke aiki daban a hantar namiji da ta mace, har da enzayim mai liƙa wa AAF salfet. Testosteron na da hannu, amma ta bayan fage: a kwanakin farko bayan haihuwa yana saita ƙwaƙwalwar jaririn ɓera ta yadda idan ya balaga fitutarinsa zai yi ta zubo homon ɗin a salon maza. Kuma saitin ba na har abada ba ne. Idan namijin ɓera ya tsufa, ambaliyar na yin rauni, hantarsa sai ta karkata zuwa salon mata.

Sanin wane enzayim ya fi yawa a wane jinsi bai wadatar ba, domin sankara ba a rana ɗaya take samuwa ba. Akwai matakin dasawa, inda sinadari ke lalata DNA na wasu 'yan ƙwayoyi, sannan akwai matakin reno, inda waɗannan 'yan ƙwayoyi ke samun damar yaɗuwa fiye da maƙwabtansu. A 1976 Solt da Emmanuel Farber a Toronto suka tsara gwajin da ke raba matakan biyu. Ana yi wa ɓera allurar DEN sau ɗaya. Bayan mako biyu sai a fara ba shi AAF kaɗan a abinci na tsawon mako biyu, a tsakiyar wannan kuma a yanke kashi biyu cikin uku na hantarsa. Hantar ɓera na iya sake tsirowa cikin kwanaki, don haka yankan kira ne ga kowace ƙwaya ta rabu ta hayayyafa. Sai dai AAF yana hana lafiyayyun ƙwayoyi rabuwa. Waɗanda DEN ya riga ya sauya, waɗanda suka koyi jure guba, su kaɗai ke amsa kiran. Cikin 'yan kwanaki sai a ga tsibirai na baƙin ƙwayoyi sun bazu a hantar, ana iya rina su a ƙirga a kuma auna girmansu.

Da masu binciken Sweden suka yi wannan gwaji a kan jinsi biyu a shekarun 1980, sai suka ga babban bambancin a matakin reno yake: tsibiran maza sun fi saurin girma ƙwarai, kuma sankara ta fi saurin bayyana a cikinsu. Suka sa wa mazan famfon homon na girma a daidai lokacin da ake ba su AAF, girman tsibiran ya ragu ya kusanci na mata. Bayanin ya dace da abin da Miller suka gano. Hantar namiji ta fi mai da AAF guba, don haka lafiyayyun ƙwayoyinsa sun fi shanyewa, filin ya zama na masu jurewa su kaɗai. A mace lafiyayyun ƙwayoyi ba su durƙushe gaba ɗaya ba, suna gasa, suna cike gurbin da aka yanke, sai baƙin su rasa sarari. Wannan ya koya mana cewa ƙarfin ƙwayar sankara wani lokaci raunin maƙwabtanta ne.

Akwai wani bayani na dabam da ya yi suna sosai. A 2007 ɗakin binciken Michael Karin a San Diego ya wallafa cewa da aka ba ƙananan ɓeraye DEN, dukkan mazan sun kamu da sankarar hanta, mata kuwa kashi 13 cikin ɗari ne kawai. Suka gano cewa idan DEN ya kashe wasu ƙwayoyin hanta, ƙwayoyin tsaro da ke zaune a hantar, waɗanda ake kira Kupffer, suna fitar da wani sinadarin kumburi mai suna IL-6, shi kuma yana ingiza sauran ƙwayoyin su rabu don cike gurbi, har da masu lalataccen DNA. Istrojin yana danne fitar IL-6. Da aka cire wa mazan ƙwayar gadon IL-6, bambancin ya gushe. A 2012 kuma ɗakin Klaus Kaestner a Jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa kariyar istrojin da ingizawar homon na maza duk sun dogara da wasu furotin biyu, Foxa1 da Foxa2. Aiki ne mai kyau matuƙa, amma duka biyun a ƙaramin ɓera aka yi su, kuma daga nan ne jumlar nan ta yaɗu cewa istrojin garkuwar hanta ne. Wanda ya san tarihin babban ɓera ba zai karɓi wannan jumla ba tare da sharaɗi ba.

Ga dalili. A 1978 Kociba da abokansa suka wallafa sakamakon ciyar da manyan ɓeraye wata guba mai suna dayoksin, wato TCDD, na tsawon shekara biyu. Ƙarin hanta ya bayyana a mata, bai bayyana a maza ba. A 1991 George Lucier da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka cire wa matan mabuɓɓugar ƙwai, dayoksin yana rasa mafi yawan ƙarfinsa na renon tsibiran. Wato a nan istrojin abokin aikin gubar ne. Bayanin da aka fi karkata gare shi shi ne dayoksin na tayar da wasu enzayim da ke sauya istrojin zuwa wani nau'i mai lalata DNA. Tun a 1980 ma James Yager ya nuna cewa istrojin na roba, irin wanda ke cikin ƙwayoyin hana ɗaukar ciki, yana renon sankarar hanta a matan ɓeraye da aka riga aka yi wa DEN. Sai kuma tamoksifen, maganin sankarar mama, wanda ke haddasa sankarar hanta a babban ɓera. Shi ma ta liƙin salfet yake zama guba, kamar AAF, amma enzayim ɗin da ke yi masa liƙin wani ne dabam, kuma wannan a hantar mace ya fi yawa. Salon homon na girma da ya kare ta daga AAF shi ne ya ba ta kayan kunna tamoksifen.

A nan nake ganin ainihin darasin yake. Babu jinsin da aka halitta da hanta mai ƙarfi, ɗayan da mai rauni. Hanta biyu ce masu kayan aiki daban, kowane sinadari kuma yana faɗawa hannun wanda ya dace da shi. Tambayar wa ya fi kamuwa ba ta da amsa sai an faɗi wane sinadari, nawa aka ba da, a wane mataki, a wane shekaru, kuma a wane irin ɓera. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne: zuriyar Fischer 344 na saurin kamuwa, zuriyar Brown Norway da Copenhagen kuwa suna da juriya ko da mazan ne. Ƙaramin ɓera balagagge yana shanye afulatoksin da zai hallaka babba, saboda yana da wani enzayim mai saurin kashe kaifin gubar.

Idan tsakanin ɓera da ɓera akwai wannan tazara, ina ga tsakanin ɓera da mutum? Kama da wane ba ta wane. Mutum ma yana da bambancin jinsi a zubowar homon na girma, kuma wasu enzayim na hanta, irin su CYP3A4, sun ɗan fi yawa a mata. Amma bambancin namu ɗan kaɗan ne, ba mu da enzayim da ke kunne a jinsi ɗaya a kashe ɗungurungum a ɗayan yadda CYP2C11 yake. Hantar namijin ɓera har wani furotin take yi wanda ke taruwa a ƙoda ya jawo ƙari idan ya haɗu da wasu sinadarai, kuma a 1991 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke cewa irin wannan ƙarin ba hujja ba ne a kan mutum, tunda mu ba mu da furotin ɗin. Tamoksifen kansa, miliyoyin mata sun sha shi, haɗarin da aka tabbatar a jikinsu na sankarar mahaifa ne, ba a ga ambaliyar sankarar hanta irin ta ɓera ba. Sannan yawancin sankarar hanta a mutane tana biyo bayan shekaru ne na cutar hanta nau'in B ko C, ko barasa, ko kitse, har hanta ta ƙeƙashe. Allurar DEN guda ɗaya ba ta kwaikwayon wannan doguwar tafiya sosai.

An ma gwada kai darasin asibiti kai tsaye. A shekarun 1990 an ba masu sankarar hanta magungunan da ke toshe homon na maza, an kuma ba wasu tamoksifen, a manyan gwaje-gwaje a Turai da Asiya. Ba su tsawaita rayuwa ba. Wanda ya bi gwajin Solt da Farber a hankali ba zai yi mamaki sosai ba, domin a ɓera tasirin homon ya fi ƙarfi ne a lokacin da tsibiran ke ƙanana, suna gasa da maƙwabta. Majiyyacin da ya zo da ƙari babba ya wuce wannan mataki da shekaru.

Inda nake ganin aikin ɓerayen ya fi amfani shi ne wajen tsara gwajin kansa. Gwajin shekara biyu da hukumomi ke yi kafin su yanke hukunci kan sinadari yana amfani da maza 50 da mata 50 a kowane rukuni, a babban ɓera da ƙarami, kuma don haka ne aka kama irin abin da dayoksin ke yi. Amma gajerun gwaje-gwaje da yawa, har da na mako takwas da Nobuyuki Ito ya tsara a Nagoya, an gina su ne a kan maza, saboda su ne ke saurin ba da sakamako, kuma an daɗe ana ɗauka cewa zagayen homon na mata zai dagula lissafi. Wannan zaɓi yana da tsada, domin sinadarin da ke buƙatar istrojin ko enzayim na mata kafin ya yi ɓarna zai iya fitowa da rauni a gwaji, ko ya wuce ba a gan shi ba. Sai a watan Janairun 2016 cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka fara tilasta wa mai neman kuɗin bincike ya sa jinsi a lissafinsa, ko ya kawo hujjar da ta sa zai yi aiki da ɗaya kaɗai. Tsakanin wannan doka da ranar da Nicholas da Barron suka ga macen ɓera ta daɗe ba ta farka ba, shekara 84 ce.